Ruwan Isiyaku

Mutane sukan ce mini, "Baba Gola, kai da ka tsufa a gindin Harami, ai sai ka yafe." Na ji, na gode. Amma ni a gaɓar teku na yi rantsuwa, kuma ban yi mata kaffara ba, cika ta na yi. Ku saurara, in ya so kowa ya yanke nasa hukuncin.

Mu biyu muka kamo hanyar Makka daga Kano, ni da yayana Isiyaku. A Fagge ni ne mai tsaron raga, shi ya sa Gola ya bi ni har ya cinye Mamman ɗin da aka raɗa mini. Yaya bai taɓa buga ƙwallo ba. Aikinsa kawai ya tsaya bayan ragata da buta cike da ruwa, in an tafi hutun rabin lokaci ya miƙo mini, ya ce, "Kurɓi kaɗan, kada cikinka ya yi nauyi."

A Fallomi direba ya sauke mu ya gudu da buhun garinmu. A Abashe muka yi dako. A Madani ta Sudan muka tsinci auduga damina da rani har yatsunmu suka daina jin ƙaya, kuma a can muka ji a rediyon wani mai shayi cewa Turawa sun miƙa mulki a gida. Yaya ya yi kuka ranar. Ba don mulkin ba, don dai ya ji an ambaci Kano.

A Sawakin, a bakin teku, aka haɗa mu da Alhaji Tanko. Bahaushe ne ɗan'uwanmu, fari, mai tabon sallah a goshi da carbi mai tsawo. Sana'arsa tsallakar da marasa takarda zuwa Hijaz a jirgin katako mai tafiya da iska. Ya dafa Alƙur'ani ya ce sai ya sauke mu inda za mu hango hasumiyar Jidda. Muka ba shi abin da muka tara, muka shiga.

Da gari ya waye a ranar sauka, babu hasumiya, babu gida, babu ko kare. Yashi ne da duwatsu baƙaƙe. Yaya yana fama da zazzaɓi tun a teku, amma shi ne ya iya buɗe baki.

"Alhaji, ba nan muka yi da kai ba. Ina garin?"

"Yana bayan dutsen can."

"Ka ji tsoron Allah, Alhaji. Da mata a cikinmu."

Sai na ga fuskar Alhaji Tanko ta canza, jijiyar wuyansa ta tashi. An riga an sauke mana salkunan ruwa a kan yashi. Ya juya ya ce da matuƙan, "Ku mayar da salkunan nan jirgi. Masu ƙarfin bakin gardama ba sa jin ƙishirwa."

Na shiga ruwa har ƙugu na riƙe gefen jirgin. Na ce, "Alhaji, don Annabi ka bar mana ko guda. Yayana Isiyaku ba shi da lafiya."

Ya ce, "Ni ban san wani Isiyaku ba. Kawuna na ɗauko, kawuna na sauke."

Bayan dutsen wani dutsen ne. Ba zan ba ku labarin tafiyar nan duka ba, har yau maƙogwarona bushewa yake in na tuna. Butar nan ta Fagge tana hannun Yaya, da ɗan ruwa a gindinta. Ya riƙa kai ta baki yana yi kamar ya sha, sannan ya miƙo mini. Sai da ya faɗi na gane leɓɓansa ba su taɓa jiƙa ba. Wata Balarabiya mai kiwon awaki ta tsince mu, ta tatsa mana nono a ƙoƙo, Allah ya saka mata da Aljanna. Ni na haɗiya. Shi ya riga ya wuce haɗiya. Da hannuna na tona masa yashi, na jera duwatsu a kai, na kafa butar daga wajen kansa. Nan na rantse cewa bakin da ya ce bai san Isiyaku ba, sai ya furta sunan a gaban jama'a.

Na shigo Makka ni kaɗai. A unguwar Misfala wata tsohuwa 'yar Sakkwato, Inna Hajjo, mai sayar da fura a ƙofar lungu, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wane ne ya mutu maka?" Ta ba ni tabarma a soronta, ta kuma haɗa ni da masu ga-ruwa. Garwa biyu, sanda a kafaɗa, ka cika a famfo ka hau duwatsun Makka da ita, gida sama da gida. Da na ba ta labarin, ta ce, "Ka kai ƙara wurin wa? Kai da ba ka da iƙama? Ka buɗe baki, kai za a fara sawa a jirgi." Gaskiya ta faɗa, takardar zama ba ni da ita. Na haɗiye, amma abin bai narke ba.

Ƙwallo ce ta hana ni haukacewa. Kowace unguwa tana da ƙungiyarta, kuma bayan la'asar sai a fita filin yashi na bayan gari a yi ta gumurzu, ƙafa ba takalmi. Kafaɗata ta riga ta lalace da garwa, ban koma raga ba. Kallo nake yi. In an tashi, a taru a ƙahawar wani Bayamale, wato shagon shayinsa, a sha shayi a yi musu, Hausa da Larabci a cakuɗe. Da na faɗi yadda wasa zai kaya aka ga ya kaya hakan sau da yawa, sai aka fara ajiye mini kujera. In kakar wasa ta kama, tambayar kowa ɗaya ce: "Gola, wa kake gani zai kai ƙarshe?"

Shekaru suka tafi a haka. Wata kaka aka ce unguwar Utaibiyya ta samu uban ƙungiya, wani attajiri da ya zo daga Sudan, ya buɗe kanti, ya ɗinka wa 'yan wasa riguna kore. Na je kallo. Ina isa na hango farar jallabiya a kan kujera a inuwa, da tuluna biyu na ruwan sanyi a gefensa. Ya yi ƙiba, gemun ya yi furfura. Carbin nan ne dai. Wallahi Alhaji Tanko ne.

Na bincika na ji abin da ya kawo shi harkar ƙwallo. Akwai wani babban muɗawwifi, irin masu karɓar alhazai su sauke su su kai su Mina da Arfa, yana neman wakili da zai riƙe masa alhazan ƙasar Hausa. Alhaji Tanko yana son kujerar nan bakin rai bakin fama. Ƙungiyar ita ce tallarsa: a ga samarin Takari, 'yan ƙasarmu mazauna garin, duk suna bayansa, a ga yana ciyarwa yana shayarwa. Wato za a sake damƙa masa tsofaffi da mata a tsakiyar rana a Mina. Na ce a raina, sai dai in ba na numfashi.

Na bi wasanninsu na farkon kaka ɗaya bayan ɗaya, kuma ko maƙiyi ya san ƙungiya ce. Kusan dukkansu masu ga-ruwa ne irina. Mutumin da ya wuni yana hawa dutse da garwa biyu, me gudun fili zai yi masa? Kafin hutu ba su da wani abin a zo a gani, sukan ma bari a matsa musu. Bayan hutu, in abokan karawa sun fara haki, sai su taso kamar yanzu aka fara. 'Yan bayansu ba su iya rarraba ƙwallo ba, sai dai su doka ta gaba, amma ba a wuce su. Golansu yana tsoron ƙwallon sama, in an yi kwana sai ya manne a layi yana addu'a. Maganin wannan duka shi ne Dogo, ɗan Damagaram, maƙwabcina a famfo. Tafin ƙafarsa kamar faranti, duk ya yi kanta. Yakan sa babban yatsa ya ɗago ƙwallo daga yashi, ya juya, kafin gola ya gama shiri ta riga ta wuce. Suka lallasa Misfala tamu, suka ci gaba da cin na gabansu.

Sau ɗaya aka riƙe su kunnen doki. Ranar ban kalli fili sosai ba, mai kujera na kalla. Da aka busa tashi 'yan wasa suka nufo tuluna, sai na ga jijiyar nan ta wuya ta tashi. Ya ce da direbansa ya mayar da tulunan mota. Samarin suka yi dariyar yaƙe, suka watse suka nemi ruwa a masallaci. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Ni kuwa na koma gida ina murmushi, har Inna Hajjo ta tambaye ni ko mata na samu.

Ana cikin azumi Alhaji Tanko ya aiko a kira ni kantinsa. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni sama da ƙasa, ko alamar sani babu. Ina zai san ni? Kawuna ya sauke.

"Kai ne Golan da ake faɗa? An ce kana da ido. Yaya ka ga yarana?"

"Ranka ya daɗe, sun yi. Zagayen sili ɗaya ƙwale kam sun shiga an gama."

"Kofin nake tambaya."

"Akwai gyara. Golanku ba ya fita kwana. 'Yan baya kuma su daina zubar da ƙwallo. Amma in Dogo yana tsaye a kan ƙafarsa, ban ga mai tare ku ba."

Duk gaskiya na gaya masa, ya kuma ji daɗi. Ya ce wasan farko na zagayen kashegarin Ƙaramar Sallah ne, a babban fili mai tsakuwa, kuma ya gayyato muɗawwifin da umda, wato mai unguwa, su zauna kusa da shi. Ya ce, "Me kuma ya rage?"

Na sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi. Na ce, "Abu ɗaya ne, Alhaji, amma ya fi ƙarfin bakina. Manyan mutane za su zo. Su ga riguna sababbi a sama, a ƙasa kuma faso. Sai su ce uban ƙungiyar ya gaza."

Kafin in rufe baki ya ce za a kawo takalman ƙwallo daga Jidda, na fata, masu ƙusa.

Na ce, "In sun iso, a ba su su ɗan taka, ko kuwa?"

Ya yi tsaki. "Kai, ka taɓa ganin an sa kayan Sallah kafin Sallah? Su tsufar mini da su a yashi, ido kuma ya gama cinye su? Ranar za su sa."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ban yi tunani ba."

Na san abin da zai ce tun kafin in tambaya. Dukkanmu haka aka raine mu, sabon abu a akwati yake kwana sai ranarsa. Na kuma san abin da sabuwar fata take yi wa ƙafar da ba ta taɓa shiga takalmi ba, domin an taɓa yi mana a Kano, muka yi sati muna tafiya kamar kaji a kan garwashi.

Da na gaya wa Inna Hajjo abin da na ƙulla, ba ta so ba. Ta ce, "Mamman, ƙafafun nan da su suke ci. Dogo me ya yi maka?" Na ce bai yi mini komai ba, kuma ni zan ɗauke masa garwarsa har ya warke. Ta ce, "In kuma mutumin ya sa aka kama ka?" Na ce, "Inna, ni tuni aka kama ni, tun a gaɓar teku."

Ranar wasa na cika garwa biyu, na rataya moɗa, na ajiye su a gindin katanga na rufe da buhu. Fili ya cika. Manyan baƙi suna jere a kan kujeru, Alhaji Tanko a tsakiya yana ƙamshin turare, tulunansa a gabansa. 'Yan Utaibiyya suka fito takalma na ƙyalli, jama'a suka ɗauki tafi. Ni na ga yadda suke ɗaga ƙafa tun ba a busa ba.

Abin tausayi, abin daɗi. Ƙwallo ta zo wa Dogo a gaban raga, irin wadda yake ci ido rufe, ya nemi babban yatsansa ya rasa, ta haye sama ta faɗa cikin 'yan kallo. 'Yan baya suna juyawa kamar an ɗaure musu tubali. Aka yi kwana, gola ya manne a layi, aka zura. Kafin hutu an ƙara. A hutun suka roƙi Alhaji Tanko su tuɓe takalman, duga-dugansu duk sun yi bororo. Ya ce cikin haƙora duk wanda ya kunyata shi a gaban baƙi kada ya sake taka ƙofar kantinsa. Suka koma. Wannan ƙarfin nasu na bayan hutu, da shi suka ci kowa, ranar ko ƙyallinsa ba a gani ba. Can Dogo ya zauna a tsakiyar fili ya fizge takalman ya yi jifa da su, amma bororon ya riga ya fashe, tsakuwa kuma ba yashi ba ce. Aka yi musu cin kaca, aka fitar da su daga gasar.

Aka busa tashi. Suka taho suna ɗingishi, harshe a waje, suka nufi tuluna. Ni idona yana kan wuyan Alhaji Tanko, ina cewa, ya Allah, kada ka shirye shi yau.

Ya miƙe. Ya sa ƙafa ya hamɓare tulu na farko, ya bi da na biyu. Ruwa ya malale a tsakuwa har ƙarƙashin kujerar muɗawwifin.

"Ba mai shan ruwana! 'Yan banza, matsiyata! Ku je ku sha a inda kuka saba!"

A Makka kana iya zagin mutum, kana iya marinsa, gobe a sasanta. Amma hana mai ƙishirwa ruwa, a garin Zamzam, wannan ba ya wankuwa. Na ga muɗawwifin ya janye ƙafarsa daga ruwan, ya dubi umda.

Akwai al'ada a garin. In kana son yi wa mamacinka sadaka, sai ka sa a raba ruwa kyauta ana kiran "sabil", ana faɗin sunansa, duk wanda ya karɓi moɗa kuma sai ya yi wa mai sunan addu'a kafin ya sha. Na yaye buhu, na saɓa sandata, na shigo fili ina ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba.

"Sabil! Sabil! Ruwan Isiyaku ɗan Fagge! Isiyaku da aka sauke a gaɓar teku aka kwashe salkuna aka bar shi! Isiyaku da ƙishirwa ta kashe a hanyar Ɗakin Allah! Ku sha ku yi masa addu'a!"

Na faɗa da Hausa, na maimaita da Larabcina na 'yan ga-ruwa. Dogo ya fara karɓa, ya ce, "Allah ya ji ƙan Isiyaku." Na bayansa ma haka. Sunan ya riƙa zagaya fili daga baki zuwa baki. Wani tsoho a cikin 'yan kallo ya ce da ƙarfi, "A jirgin wa?" Wata murya daga baya ta amsa masa, ba tawa ba. Ashe ba ni kaɗai aka taɓa saukewa a wannan yashin ba.

Muɗawwifin ya miƙo hannu da kansa. Ya yi addu'ar, ya sha, ya mayar mini da moɗa, ya tashi ya tafi bai yi wa mai gayyatarsa sallama ba. Kujerar wakili ta tafi tare da shi. Daga baya na ɗauki garwar Dogo a kan tawa har ƙafarsa ta yi sabuwar fata, na kuma gaya masa komai tun a daren farko na jinyar. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, kuma yana da gaskiyarsa.

Amma ban gama da filin ba. Na cika moɗa har baki, na taka zuwa gaban Alhaji Tanko. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe, leɓɓansa sun yi fari. Jama'a sun kewaye mu. In ya ƙi karɓa, ya ƙi sadakar mamaci a gaban umda. In ya karɓa, ya san abin da ake faɗa.

Ya karɓa, ruwa na zuba a farar jallabiyar. Ya ce a hankali, "Allah ya ji ƙansa."

Na riƙe gindin moɗar. Na ce, "Wa, Alhaji? Ba mu ji ba. Yana da suna."

Ya dube ni, kuma a karon farko ya gan ni.

"Isiyaku," in ji shi. "Allah ya ji ƙan Isiyaku."

Na saki moɗar. Na tsaya a kansa har ya shanye, na sake cikawa na miƙa masa. Mu a gidanmu ba a hana ruwa.